Wa Ya Auna Lodin Nan?

Ranar Alhamis 6 ga Yunin 2019, kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah, wata bas ta taso daga Maskat, babban birnin Oman, ta nufi Dubai da mutum 31 a ciki. Da yawansu ma'aikata ne da suka je hutun Sallah suna komawa bakin aiki. Sun cinye doguwar hanya lafiya, sun shigo gari, saura ƙiris kowa ya ɗauki jakarsa. Da la'asar sakaliya direban ya karkata kan wata hanya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rashidiyya, hanyar da ƙananan motoci kaɗai aka yi wa. A bakinta an gindaya ƙarfe a sama, mita 2.2 daga ƙasa.

Ƙarfen ya tsaga ɓangaren hagu na motar, daidai inda kawunan fasinja suke. Mutum 17 suka mutu, 12 daga cikinsu 'yan Indiya.

A kotu aka bayyana cewa gudun kilomita 94 a sa'a direban yake yi a wurin da aka ƙayyade 40. Aka yanke masa ɗaurin shekara 7 da diyyar dirhami miliyan 3.4, wato dubu 200 kan kowane rai. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ɗaurin shekara 1. Lauyoyinsa sun kafe cewa allon gargaɗin ya yi wa ƙarfen kusa, kuma bai kamata a gindaya ƙarfe mai taurin da zai yanka mota haka ba.

To a ce gaskiya suka faɗa. Me hakan ya rage? Ya dai ƙara yawan masu laifi ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, mutum 17 kuwa suna ƙarƙashin ƙasa.

Na gaji da jin ana kiran irin wannan abu tsautsayi. Akuya takan gilma. Taya takan fashe. Yaro yakan fito da gudu daga lungu, birki yakan tsinke a gangara. Duk waɗannan direba na iya rantsuwa cewa sun zo masa ba zato. Gada fa? Yaushe gada ta taɓa tasowa ta tari mota? Tana nan inda aka dasa ta, wata tun kafin a haifi direban. Tsayinta na jiya shi ne na yau. A wurare da yawa an rubuta shi ɓaro-ɓaro a goshinta.

Lissafin nan ɗan firamare ma zai yi shi. Lamba biyu ce kacal: tsayin gada da tsayin mota. Ta farko hukuma ce za ta rubuta. Ta biyu direba da mai mota ne za su sani. Duk ranar da rufin mota ya haɗu da kankare, to wani a cikinsu ya ƙi yin aikinsa. Sunan abin ganganci, kuma ganganci yana da mai shi.

Wanda yake ganin ƙarancin alluna ne matsalar, ya leƙa garin Durham a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Akwai gadar jirgin ƙasa da ta haye titin Gregson, an gina ta a 1940, tsayin ƙarƙashinta a da ƙafa 11 da inci 8, wato mita 3.56. Tun 2008 wani mutum da ofishinsa ke kallon gadar ya kafa kyamara, ya ɗauki hoton motoci fiye da 100 suna afka mata. Har laƙabi aka yi mata, mabuɗin gwangwani, saboda yadda take feɗe rufin motar kaya kamar an ɓare gwangwanin kifi.

Me ba a yi wa direbobin nan ba? Alluna suna nan tun daga nesa. An sa na'urar da ke gane motar da ta yi tsayi. A 2016 aka haɗa ta da danja, da zarar doguwar mota ta doso sai ta ba da ja, allo mai haske ya kunna yana cewa a juya. Mutum ya ga ja, ya ga rubutu na walƙiya a gabansa, ya taka totur don ya riga danjar. Wane allo kuma za a ƙara wa wannan?

Hukumomin ma ba su fita ba. Masu layin dogon sun kafa narkeken ƙarfe a gaban gadar domin shi ya riƙa shan duka, dukiyarsu ta tsira. Aka ce ba a iya haƙa titin saboda tsohon bututun ƙazanta da ke ƙarƙashinsa. Aka ce ɗaga layin dogon zai ci kuɗi. Sai da gadar ta shekara 79, a 2019, aka ɗaga ta da inci 8, kuma aikin bai wuce mako biyu ba. Mako biyu! Ina aka kai wannan dabarar duk shekarun da ake share tarkace a ƙarƙashinta? Bayan ɗagawar ma ba a jima ba wasu suka sake dukanta, domin mai ƙin duba tsayin motarsa ba inci 8 ne zai shiryar da shi ba.

Mu kuma jama'a, nan ne namu kason. Miliyoyin mutane sun kalli hotunan gadar nan a intanet suna ƙyalƙyala dariya, suna tura wa abokai. Ni ban ga abin dariya ba. Abin da ya feɗe rufin motar kaya a Durham shi ne ya ratsa kawunan mutane a Dubai. Bambancin kawai abin da ke ƙarƙashin rufin.

A watan Satumba na 1994, a birnin Glasgo, bas mai hawa biyu ɗauke da 'yan mata 'yan sikawut ta shiga ƙarƙashin wata gajeruwar gadar jirgi. 'Yan mata 3 da shugabanninsu 2 suka mutu. A 2013 a jihar Washinton ta Amurka, lodin wata tirela ya daki ƙarafan saman gadar kogin Skagit, sashe guda na gadar ya rufta cikin ruwa da motocin da ke kai. Shin waɗannan ma za a tura wa abokai a yi dariya?

Birtaniya ƙasa ce mai doka a rubuce. Duk gadar da ƙarƙashinta bai kai ƙafa 16 da inci 6 ba ana manna mata alamar tsayinta. Duk motar da ta haura mita 3 dole a rubuta tsayinta a cikin gidan direba, inda idonsa zai riƙa gani. Duk da haka, Network Rail, hukumar da ke riƙe da layin dogo da gadojinsa, tana ƙirga dukan gada fiye da 1,500 kowace shekara. Huɗu zuwa biyar ke nan kullum. Akwai wata a titin Stuntney a garin Ely da sunanta ba ya ɓacewa daga jerin waɗanda aka fi duka.

Duk lokacin da aka daki ɗaya, sai a tsayar da jirage ko a rage musu gudu har injiniya ya zo ya duba. Mai zuwa asibiti ya makara, mai jarrabawa ya makara, ma'aikaci ya makara. Asarar tana kaiwa wajen fam miliyan 20 a shekara, kuma mafi yawan masu ɗaukar ta ba su taɓa riƙe sitiyarin tirela ba.

Da hukumar ta tambayi direbobin manyan motoci, kashi 43 cikin 100 suka amsa cewa ba sa auna motarsu kafin su hau hanya. Kashi 52 suka ce ba sa lissafa gajerun gadoji idan suna tsara tafiya. Da bakinsu suka faɗa. Mutanen da ke da lasisi, suka ci jarrabawa, ake biyansu albashi domin sun iya aikin.

Idan haka abin yake inda ake rubuta tsayi a gaban direba, yaya zai kasance inda ba a rubuta komai?

Hanyoyin da mota ke ƙara tsayi sanannu ne, ba gaibu ba. Kwantena iri biyu ce ta fi yawa a hanya: mai ƙafa 8 da rabi da mai ƙafa 9 da rabi. Ƙafa guda cur tsakaninsu. Direban da ya wuce wata gada jiya da gajeruwar, yau aka ɗora masa doguwar, sai ya ce ai kullum nan yake bi. Motar haƙa ƙasa idan aka ɗora ta a kan tirela ba a kwantar da hannunta sosai ba, gwiwar hannun ce za ta fara gaisawa da gada. Direban tifa yakan juye yashi ya manta bodi a ɗage, ya hau titi da shi a tsaye. Wani kuma ya miƙa wuyansa ga taswirar waya, wadda aka yi domin ƙananan motoci, ta kai shi inda ta ga dama.

Akwai kuma laifin da babu ruwan direba a ciki. Duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta a kan tsohuwa ba tare da an kankare ta ba, titi ya ɗan ɗaga, ƙarƙashin gada ya ɗan ragu. A yi haka sau biyu, sau uku. Allon yana nan da tsohuwar lambarsa, yana yi wa mutane ƙarya da sunan hukuma. Wane ɗan kwangila ne ya koma da tef ya sake aunawa bayan ya gama? Wane injiniyan gwamnati ne ya ƙi sa hannu a takardar biya sai an gyara allon?

Kada kuma kowa ya ruɗu don ya ga gadar tana tsaye bayan an dake ta. Yawancin gadojin sama na zamani, a cikin kankaren ginshiƙansu na kwance akwai igiyoyin ƙarfe da aka ɗame, su ne ke riƙe da nauyin. Idan duka ya tsinka wasu, ko ya ɓantare kankaren ya bar ƙarfe a waje ruwa na dukansa yana tsatsa, ƙarfin gadar ya ragu ko da ido bai gani ba. Direban ya sace iskar taya, ya zare motarsa cikin dare, ya yi gaba. Gobe da safe motar 'yan makaranta ce za ta hau.

A nan gida ba sai an ba mu labari ba. A watan Yulin 2025 wata babbar mota da lodinta ya wuce ƙa'ida ta daki gadar sama ta Keffi a jihar Nasarawa, wani sashe ya zubo. Ministan ayyuka David Umahi da bakinsa ya koka kan yadda manyan motoci ke dukan gadoji a hanyar Legas zuwa Ibadan. Kokawar daidai ce. Amma talaka ne aka sani da kokawa. Wanda ke riƙe da hukuma, hanawa ake jira daga gare shi.

A gadar Ojuelegba a Legas, a Janairun 2023, kwantena ta faɗo daga kan tirela ta danne ƙaramar bas, mutum 9 suka mutu. A 2015 ma an yi irinsa a wurin, aka rasa rayuka. Aka kafa ƙarfe a bakin gadar don hana manyan motoci hawa. Manyan motocin suka riƙa tunkuɗe shi. A duba girman raini: abin da aka kafa saboda jinin da aka zubar, shi ake bi ta kai don a rage minti goma.

Motar da ta daki gada ba daga sama ta faɗo ba. Daga wani gareji ta taso, ko tashar jiragen ruwa, ko kasuwa. Ta wuce shingen 'yan sanda, ta wuce jami'an kiyaye haɗurra, ta wuce masu duba lafiyar mota, ta wuce 'yan karɓar haraji masu sanda da ƙusa. Shinge nawa ke tsakanin Legas da Kano? Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san ba su ƙirguwa. A cikinsu duka, nawa ne aka taɓa ganin jami'i ya fito da sandar awo ya ɗora a jikin lodi? Hannu dai ake miƙawa ta taga, a dunƙule, mota ta wuce. Idon da ke hango takardar da ta ƙare da kwana biyu, yaya aka yi ba ya ganin lodin da ya kusa taɓa wayar lantarki?

Idan abin ya faru kuma, kowa ya san karatun. Manya su zo da hular kwano da riga mai ƙyalli, a nuna ɓaraguzai da yatsa, a ɗauki hoto. A yi alkawarin bincike, a ce ba za a lamunta ba. Ihu bayan hari. Kuɗin gyara kuwa daga baitulmali zai fito, wato daga aljihun mai sayar da ƙosai da ba ta mallaki ko keke ba.

Sai a kama direba, in bai tsere ba. Ya cancanci kamu, ban ce a sake shi ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Wa ya sayi motar? Wa ya karɓi kuɗin lodin? Wa ya ce a ƙara sahu biyu a sama don tafiya ɗaya ta biya kuɗin biyu? Wa ya kira direba a waya tsakar dare yana cewa in kayan ba su isa da asuba ba ya ajiye makulli? Wannan yana gida a kan kujera. Gobe zai ɗauki sabon direba, jibi a gan shi a sahun gaba, ana kiran sunansa cikin masu taimakon al'umma. Mai tireloli goma da bai taɓa sayen tef ɗin awo guda ba, da wane baki zai ce ƙaddara ce?

Tun muna yara malamai suka koya mana cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Kowa ya haddace wannan. Amma an mayar da "Allah ya kiyaye" abin rufe bakin mai tambaya. A rubuta addu'a a goshin mota da fenti mai kyau, a kasa rubuta tsayinta a gaban direba. Wanda ya yi sakaci da ran mutane sannan ya jingina wa Ubangiji sakamakon, laifi biyu ya yi.

Ƙungiyoyin direbobi fa? Suna da ofis a kowace tasha, suna da shugabanni, suna yankar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi. Ikon da suke da shi na hana mota tashi don ba ta biya kuɗin tasha ba, shi ne dai ikon da za su hana ta tashi don ta yi tsayi. Ƙarfe biyu a tsaye da ɗaya a gicciye a ƙofar fita, mai walda zai haɗa shi a yini ɗaya. Motar da ta taɓa shi ta koma a rage kaya. Me ya hana?

Garuruwanmu kuma sai ƙara gadoji suke yi. Kano kaɗai a duba: Ƙofar Nassarawa, Gadon Ƙaya, Kabuga, Dangi, Hotoro. Ana buɗe su da kiɗa da jawabi, kuma abin alfahari ne. Amma duk gwamnatin da ta gina gada ta ɗauki amanar ƙarƙashinta. Jama'a, ku da kuke bi ta ƙarƙashin gadoji safe da yamma a kowane gari kuke, ku ɗaga kai sau ɗaya ku duba. Akwai lambar tsayi? Ana iya karanta ta da dare, ko fastocin 'yan siyasa sun rufe ta? Akwai gargaɗi tun daga nesa, a inda tirela za ta iya juyawa? Gefen kankaren lafiya yake, ko ya sha karta har rodi ya leƙo? In kun ga haka, kuna da kansila, kuna da ɗan majalisa, kuna da gidajen rediyo da ke buɗe layi kowace safiya. Shirun me ake yi?

Kwanakin baya na tsaya a wata tasha ranar kasuwa, da yamma, ana yi wa wata daf lodi. Buhunan hatsi a ƙasa, sannan katifu, sannan jarkoki a ɗaure da igiya, kaya marasa nauyi da ba sa sa mota ta nuna gajiya, don haka ba a san inda za a tsaya ba. Lodin ya haura bodin da kusan tsayin mutum. Yaron motar, wanda bai fi shekara 15 ba, ya hau can ƙololuwa da doguwar gora mai baki biyu. Aikinsa shi ne in an zo wayar lantarki ya tokare ta ya ɗaga, mota ta wuce. Silifas ne a ƙafarsa.

Na matsa wurin direban, yana zaune a benci yana shan shayi. Muka gaisa. Na ce, "Maigida, lodin nan ƙafa nawa ne daga ƙasa?"

Ya ɗaga kai ya dubi motar, ya dube ni. Ya ce, "Malam, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Shekarata 20 a hanyar nan."

Na ce, "Akwai sabuwar gada a gabanku, ka san tsayinta?"

Ya ce, "Za ta wuce, in sha Allahu. In ta ƙi, yaro zai gaya mini."

Yaro zai gaya masa. Yaron da ke zaune a daidai wurin da kankaren zai fara samu, cikin duhu, a kan motar da ke gudu. Shi ne ma'aunin.

Ɗan kamasho ya karɓi nasa, mutumin ƙungiya ya yaga rasit. Wasu matasa da ba su da kuɗin ƙaramar mota suka biya rabi, suka kama igiya suka haye saman katifun. Mutum fiye da 50 ne a wurin, da ni a cikinsu, kuma babu wanda ya tsaya a gaban motar. Ana kiran magariba ta fita daga tasha tana rangaji. Na ƙirga kawunan da ke sama, har da yaron mai gora. Su takwas ne.